Yawon ganin zanen waliyyai masu warkarwa a Florence: abin da na biya da abin da na samu

Akwai wani ƙaramin kamfani a birnin Florence na ƙasar Italiya da ke sayar da yawon ƙafa na rabin yini, ja-gora ɗaya, baƙi ba sa wuce goma sha biyu. Abin da suke tallatawa shi ne za su kai mutum wurare huɗu ya ga yadda masu zanen ƙarni na 15 da na 16 suka zana waliyyan Kirista suna warkar da guragu da kutare, har da tayar da matattu. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansu, su kuwa ba sa nan balle su kare kansu. Wurare uku aka kai mu cikin huɗun. Duk da haka in aka tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu zan ce ta biya, amma albarkacin mutum ɗaya ne, wato matar da ta ja mu. Tsarin kamfanin kansa bai taka rawar a zo a gani ba.

Sana'ata haɗa ƙafar roba. Na daɗe ina auna dungu, ina zuba fulasta, ina koya wa wanda aka yanke wa ƙafa yadda zai sake taku. Ƙarin horo ne ya kai mu wata cibiya kusa da Bologna, ni da wani ƙaramin abokin aikina, mutumin Wusasa, Kirista, wanda ya tashi a cikin coci ya san labaran Littafi Mai Tsarki kamar yunwar cikinsa. Shi ya ga tallan a waya, ya ce, "Malam, wai akwai zanen da aka dasa wa mutum ƙafa shekara ɗari shida da suka wuce. Ai kai ya kamata ka gani." Daga Bologna zuwa Florence a jirgin ƙasa mai gudu ba a cika awa ɗaya ba. Ni Musulmi ne, ban je neman tabarraki ba, na je kallo da idon mai sana'a. Amma zancen karamar bayin Allah ba baƙon abu ba ne a kunnen wanda ya tashi a Kano, saboda haka ban shiga da raini ba.

Biyan kuɗi ta waya ya tafi sumul. Kuɗin ya ninka jimillar tikitin shiga wuraren kusan sau uku, kuma tikitin na ciki. Aka turo mana wurin haɗuwa, filin da ke gaban cocin Santa Maria del Carmine, a tsallaken kogin Arno ta kudu, unguwar masu sana'ar hannu. Cocin ba shi da wani kwarjini daga waje, fuskarsa ɗanyen dutse ce da ba a taɓa ƙarasa ta ba. Matar ta riga mu zuwa, dattijuwa ce mai furfura, da takalmin roba da 'yar jaka cike da na'urorin saƙalawa a kunne. Tawa tana ƙara tana yankewa tun daga farko har ƙarshe, sai na cire na riƙa mannewa kusa da ita. Turancinta na Italiyawa ne, amma ana ganewa sarai.

A cikin cocin akwai ɗan ɗakin ibada na iyalin Brancacci, kuma nan ne kuɗina ya fara fita. Felice Brancacci attajirin siliki ne, wanda a 1422 birnin ya tura shi jakada wurin Sarkin Masar a Alƙahira. Bayan dawowarsa, wajen 1424, aka fara zana tarihin Manzo Bitrus, almajirin Annabi Isa, a bangon ɗakin. Masu zane biyu suka fara, Masolino da ƙaramin abokin aikinsa Masaccio, wanda ya tafi birnin Rum ya mutu can a 1428 yana da shekara 26. Aikin ya zauna a haka fiye da shekara 50 kafin Filippino Lippi ya ƙarasa shi. Zanen a kan ɗanyen shafe ake yinsa, launi ya shiga jikin bango kafin ya bushe, don haka kullum sai an shafa daidai inda za a iya gamawa kafin dare. A 1771 gobara ta cinye mafi yawan cocin, ɗakin ya tsira amma hayaƙi ya dusashe shi, sai a shekarun 1980 aka wanke shi launinsa ya dawo. Rukuni-rukuni ake shiga, kuma lokaci a ƙayyade yake, mai gadi na kallon agogo.

Kowa yana shiga sai ya nufi zanen Adamu da Hauwa'u ana korarsu daga Aljanna, domin shi ya fi suna. Matar ta ce mu bar shi tukuna. Ta kai mu bangon da ke fuskantarmu, gefen hagu na bagade, wato teburin ibada na coci, ta ce, "Kada ku kalli Bitrus. Shi ma ba ya kallon kowa. Ku kalli ƙasa." Wannan maganar ita ce mafi tsadar abin da na saya ranar. Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura ta 5, inda mutane ke fito da marasa lafiya bakin titi don ko inuwar Bitrus ta taɓa su in ya zo wucewa. Abokina ya raɗa mini shi da Hausa kafin ta gama da Turanci. Masaccio ya zana Bitrus yana tahowa cikin wani siririn lungu, fuska a ɗaure, ido a gaba, bai miƙa wa kowa hannu ba. A gefen bango kuwa ga marasa lafiya a jere kamar ƙofar masallacin Juma'a bayan an sallame. Wanda inuwar ta riga ta wuce ya miƙe tsaye ya haɗa tafukansa. Na tsakiya, tsoho ba riga, ya rungume ƙirji yana kan tasowa. Na gaba yana ƙasa har yanzu, ya dogara da hannuwa, ƙafafunsa sirara sun shanye sun lanƙwashe a bayansa, ya ɗaga kai yana jira.

A kan wannan na ƙarshen na tsaya har aka taɓa ni. Wanda ya zana ƙafafun nan ba daga ka ya zana su ba, ya zauna ya kalli mai su. Cinya ta tsotse, gwiwa ta fi ƙaurin ƙafa kauri, kafaɗu kuwa sun cika sun yi ƙarfi saboda su ke ɗaukar jiki duka. Haka jikin wanda shan inna ya kama tun yana yaro yake zama in ya shekara ashirin yana jan gindi da hannu. Na ga irinsa a benci a ƙofar ɗakin aikina ba adadi. Ba zan ce cutar da mai zanen ya gani ke nan ba, amma siffar ta gaskiya ce. Matar ta kuma nuna mana cewa hasken da ke cikin zanen duka daga wajen tagar gaske da ke saman bagaden yake faɗowa, don haka inuwar Bitrus tana kwanciya ne inda inuwar mutum mai rai za ta kwanta in ya tsaya a wurin. A zamanin da yawancin masu zane ba sa ma yi wa mutum inuwa, wani yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya mai da ita ita ce maganin.

A bangon dama daga sama akwai na Masolino, mu'ujiza biyu a fili ɗaya. Hagu gurgu ne a zaune yana miƙa hannun bara ga Bitrus da Yohanna, aka ba shi tafiya maimakon kuɗi. Dama Tabita ce, matar Yafa mai ɗinka wa gwauraye tufafi, ta tashi zaune bayan ta mutu. Tsakanin biyun ga wasu samari biyu cikin tufafin alfarma suna tafe suna hira, ko waiwaye ba su yi ba. Bayansu gidajen Florence ne sak, da shanya a taga, har da biri a kan dakalin bene. Gurgun Masolino tsaf yake, ba ya tayar da hankali, ka ce ɗan wasa ne aka ɗaura wa bandeji. Matar ta bar mu muka kwatanta biyun da kanmu, ba ta ce wannan ya fi wancan ba. Na yaba mata da hakan.

Daga nan muka haye gadar Santa Trinita, wadda sojojin Jamus suka tarwatsa a 1944 aka sake gina ta da duwatsun da aka tsamo daga kogi, muka shiga cocin da ke da wannan suna. Shiga kyauta ne. A ɗakin iyalin Sassetti, Domenico Ghirlandaio ya zana tarihin Waliyyi Francis tsakanin 1483 da 1485. A tsakiyar bango ga yaro can nesa yana faɗowa daga tagar bene, ga shi kuma a gaba ya tashi zaune a kan makara ya haɗa hannu, Francis yana sama cikin haske yana sa masa albarka. A ruwaya a Rum abin ya faru, amma mai zanen ya ɗauko shi ya dire a filin da ke ƙofar wannan cocin, har da tsohuwar gadar a baya. Francesco Sassetti shi ne manajan bankin iyalin Medici, manyan attajiran Florence. Babban ɗansa Teodoro ya rasu, ba da daɗewa ba aka haifa masa wani ya mayar masa da sunan, kuma da ka ji haka ka san dalilin da ya sa yaro mai tashi daga makara ya samu tsakiyar bango. Zanen yana da kyau, amma 'yan kallon cikinsa sun fi mai jinyar yawa da ado. 'Ya'yan mai gida mata sun jeru cikin kwalliya, shi kansa mai zanen ya tsaya a gefe ya riƙe ƙugu yana kallonka. Minti goma sun isa a nan, kuma goman muka yi.

To, a nan ne gizo ya yi saƙa. A takardar da aka turo mana an rubuta "ɗan hutun shan kofi". Ashe hutun a wani shago ne da rabinsa kofi rabinsa jakunkunan fata, kuma mai shagon ya san da zuwanmu. Muka share fiye da rabin awa ana ɗaga wa wasu Amurkawa biyu jaka ana saukewa. Matar ta tsaya a ƙofa tana duba agogo, fuskarta ta nuna ba ita ta tsara ba, amma ba ta ce komai ba. Ni da nake fata ta Kano ce ta raine ni, ban zo Florence a nuna mini jaka ba. Wannan rabin awar ita ta cinye mana wuri na huɗu, ita kuma ta sa muka yi sauran tafiyar da sassarfa. Mun wuce ofishin Misericordia a gefen babban cocin birnin, ƙungiyar agajin da aka kafa tun 1244 kuma har gobe motocinta na ɗaukar marasa lafiya suna tsaye a ƙofa, matar ta nuna da hannu kawai muka wuce. A yawon da aka ce na jinya ne, wannan wurin ya cancanci a tsaya.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu mai dogara sanda, daga ganin takunta an sa mata ƙarfe a ƙugu. Titunan tsakiyar Florence shimfiɗar dutse ce mai gargada, gefen titi kuma siriri. Daga Carmine zuwa San Marco tafiya ce mai ɗan tsawo ko ga mai lafiya. Baiwar Allah nan kullum tana baya, na'urar kunnenta ta fita daga zango, ba ta jin komai. Abokina ne ya koma ya riƙa tafiya da ita. Kamfanin da ke cin abinci da zanen guragu bai tambayi kowa ba a wajen biyan kuɗi ko yana iya doguwar tafiya.

Muka isa San Marco saura kaɗan a rufe, domin gidan tarihin bai kai la'asar a buɗe ba ranar. Asalinsa gidan 'yan zuhudun ɗariƙar Dominic ne, wanda Cosimo de' Medici ya zuba dukiya aka sake ginawa, aka keɓe cocinsa a 1443 a gaban Paparoma Eugene na Huɗu. Ɗaya daga cikin mazauna gidan, Fra Angelico, shi ya zana babban allon bagaden, kuma tunda Cosimo takwaran Waliyyi Cosmas ne, aka cika allon da labarin Cosmas da ɗan'uwansa Damian. 'Yan biyu ne, likitoci, an ce asalinsu daga ƙasar Larabawa, suka yi aiki a garin Aegeae da ke kudancin Turkiyya ta yau. Abin da aka san su da shi shi ne ba sa karɓar ko sisi a hannun mara lafiya. An fille musu kai a zamanin Sarkin Rumawa Diocletian saboda addininsu. A gindin babban allon akwai jerin ƙananan alluna da ke ba da labarinsu, amma an wargaza su tuntuni, wasu suna Munich, wasu Paris, Dublin da Washington. Biyu daga cikin na labarin 'yan biyun suna nan San Marco, a dogon ɗakin ƙasa da a da ake sauke matafiya masu ziyara.

Wanda muka zo dominsa bai kai faɗin faifan tankaɗe biyu ba, tsawonsa bai cika rabin mita ba. Na yi zaton bango guda zan tarar. Labarin ya fito ne daga littafin tarihin waliyyai da Jacobus de Voragine ya tattara a ƙarni na 13. Wani mai hidima a cocin Cosmas da Damian da ke Rum, wanda Paparoma Felix na Huɗu ya keɓe musu wajen shekara ta 527, ciwon daji ya cinye masa ƙafa. Yana barci sai waliyyan biyu, waɗanda suka daɗe da mutuwa, suka zo masa da man shafawa da kayan aiki. Ɗaya ya tambayi inda za su sami naman da za su cike gurbin, ɗayan ya ce yau aka binne wani Bahabashe a maƙabartar cocin Bitrus. Suka yanko ƙafar mamacin suka dasa wa mai barci, suka kai ruɓaɓɓiyar suka haɗa wa gawar. Da gari ya waye mutumin ya tashi ba ciwo, aka je aka tone kabarin aka tarar da farar ƙafa a jikin baƙin mutum.

Fra Angelico ya zana ɗaki ƙarami mai tsabta. Gado da labule, 'yar taga a sama, kwalba da kofi a saman kan gado, 'yar jaka a rataye, kujera, da takalma ƙafa biyu a ajiye a ƙasa. Waɗannan takalman sun kama ni, domin duk wanda aka yanke wa ƙafa, takalmin da ya rage ba abokin tafiya shi ne abin da iyalinsa ke rasa yadda za su yi da shi. Mara lafiyar yana kwance ya haɗe hannu, fuskarsa a sake. Waliyyan da jajayen huluna irin na likitocin lokacin sun riƙe baƙar ƙafa suna daidaita ta. Babu jini ko ɗigo, babu wuƙa, babu zarto. Mai ƙafar ma babu shi. Ƙafarsa kaɗai aka kawo cikin zanen.

Matar ta yi bayanin haske da launi da kyau, sannan ta faɗi abin da na tabbata kamfanin ne ya sa a bakin kowane ja-gora, domin yana cikin tallansu: wai ga dashen gaɓa na farko a tarihi. Amurkawan suka yi dariya suka ɗaga waya. A nan na ce a'a. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne a Boston a 1954, kuma ya ɗore ne don tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi, jiki bai ƙi baƙon nama ba. Hannu sai 1998 a Lyon. Ƙafa kuwa, a 2011 aka dasa wa wani saurayi guda biyu a Valencia, cikin shekara biyu aka sake cire su saboda wata cuta ta tilasta masa daina shan maganin da ke hana jiki ƙin dashen. Shi ya sa har yau irina ke da aiki. Masu wannan labari ba tiyata suke ba da labari ba, mu'ujiza suke nufi, kuma baƙar ƙafar ita ce shaidarsu, don kada wani ya ce mafarki mutumin ya yi ko ciwon ne ya warke da kansa. Mai da shi tarihin tiyata rage masa daraja ne ta fuska biyu, ta addini da ta ilimi.

Sai na tambaye ta, shi Bahabashen fa, waye shi, wa ya nemi izinin danginsa? Ɗakin ya yi tsit, mu biyu ne kawai baƙar fata a wurin. Ba ta kauce ba, kuma wannan ne dalili na biyu da ya sa nake yaba mata. Ta ce ruwayar ba ta ba shi suna ba, an ɗauke shi ne a matsayin wurin ɗebo kaya. Ta ce a wasu zane-zanen ana nuna gawarsa a gefe da farar ƙafa, kuma a Valladolid ta Sifen akwai wani sassaƙen katako na ƙarni na 16 da ya nuna shi kwance a ƙasa fuska a murtuke kamar mai rai yana jin zafi, a daidai lokacin da cinikin bayi daga Afirka ya bunƙasa a can. Ta ƙara da abin da ban sani ba, cewa a 1441, lokacin da ake cikin aikin wannan allo, tawagar malaman cocin Habasha ta iso Florence don babban taron coci-coci da Paparoma ya kira. Ke nan Bahabashe ba tatsuniya ba ne a wurin mutanen garin, sun gan shi da idonsu yana tafiya a titi a matsayin baƙon Paparoma. Duk wannan a cikin minti uku ta faɗe shi, mai gadi na kaɗa makullai. Da ban tambaya ba da ba a faɗa ba, kuma da ba a kai mu shagon jaka ba da an faɗe shi a zaune.

Ni abin ya taɓa ni ta wata fuskar. Kayan ƙafar roba da ake kawo mana gudummawa daga Turai, tafin ƙafar da rigar da ake sa mata yawanci launin fatar Bature ne. Na sha ɗaura wa baƙin manomi farar ƙafa. Wasu su sa safa ko da zafi, wasu su ce a shafa mata fenti, wani dattijo kuwa ya ce mini a bar ta haka, ai ba kallonta zai yi ba, taka ta zai yi. Da na faɗa wa abokina a kan hanyar fita sai ya ce, "Malam, ashe ramuwa kuke yi." Muka yi dariya, amma shi ma jikinsa ya yi sanyi. Ya ce tun yana yaro yake jin sunan waliyyan nan, bai taɓa jin zancen mai ƙafar ba.

Allo na biyu da ke gefensa kallo ɗaya muka yi masa, kuma abin takaici ne, don shi ya fi ban dariya da daɗi. Wata mata mai suna Palladia da suka warkar ta matsa wa Damian da rantsuwa har ya karɓi 'yar kyauta, wasu ruwayoyin suka ce ƙwai uku ne. Cosmas ya fusata ya yi wasiyya kada a binne su tare. Bayan an kashe su mutane suna shawarar raba kaburbura, sai ga raƙumi ya zo ya yi magana da muryar mutum, ya ce a haɗa su wuri ɗaya. Fra Angelico ya zana raƙumin tsaye a gefen kabari da rubutun maganarsa yana fita daga baki. Raƙumin dai ga shi nan, wanda ya san raƙumi zai yi murmushi. Likitan da ɗan'uwansa ya ƙaurace masa a kan ƙwai uku labari ne da ya kamata a ba shi minti biyar, ko don mu masu aikin asibiti. Benen da ke sama, inda ɗakunan 'yan zuhudu suke kowanne da zanensa, ko matakalarsa ba mu taka ba.

A ƙofa matar ta ba mu haƙuri, ta kwatanta mana wuri na huɗu, ta ce kyauta ake shiga kuma bai fi tafiyar minti biyar ba. Farfajiyar cocin Santissima Annunziata ce, inda Andrea del Sarto ya zana Waliyyi Filippo Benizzi a 1509 da 1510: yana tuɓe rigarsa ya ba kuturu, yana fitar da aljani daga jikin wata mata, yaro yana tashi daga mutuwa da jikinsa ya taɓa makarar waliyyin, ana ɗora wa yara tufafinsa don neman sauƙi. A da farfajiyar cike take da siffofin kakin zuma, wasu girman mutum, waɗanda masu cika alwashi ke kawowa in sun warke, daga baya aka kwashe aka narkar. Mu biyu muka je da la'asar muka tsaya muna ta hasashe, abokina ya gane biyu, sauran sai da muka duba waya. A nan na san abin da ja-gora ke ƙarawa, domin ba wanda ya ce mana ga inda za mu kalla.

Na rubuta wa kamfanin da daddare na ce wurare huɗu na biya. Suka amsa da safe cikin ladabi, suka ce tsarin yakan canza gwargwadon yanayi, suka ba ni rangwame in zan sake zuwa. Kuɗi dai ba su dawo da ko kwabo ba.

Wanda zai je, ya tambaya tun kafin ya biya ko akwai tsayawa a shago, kuma ya nemi a fara da San Marco da sassafe a ƙare a Carmine, ba akasin haka ba. Tikitin ɗakin Brancacci gara a kama shi tun da wuri saboda ƙayyade mutane da ake yi. Mata su rufe kafaɗa da gwiwa, maza su cire hula a cikin coci, tawa sai a aljihu ta wuni. Ba a tanadi lokacin salla ba, sai mutum ya yi dabararsa. Abincin kan titi a unguwannin nan naman alade ya yi masa yawa, mu gurasa da cuku da tumatir muka ci. Mai ciwon gwiwa ko ƙugu ko mai ƙafar roba kada ya shiga rukuni, ya nemi ja-gora shi kaɗai ya hau tasi tsakanin Santa Trinita da San Marco, ko da kuɗin zai ƙaru. In kuma aljihu bai kai ba, a bar kamfanin, a sayi tikitin Brancacci da na San Marco kai tsaye, sauran biyun ba a biyan komai.